Na'urar zuƙe majina a asibitocin bakin tafkin Kainji: yadda ake haɗa ta da ƙa'idojin aiki da ita

Na'urar zuƙe majina, wadda ma'aikatan asibiti suka fi kira da sakshan, inji ne da ke janye ruwa daga baki da hanci da maƙogwaron mara lafiya, ko daga cikin rauni a lokacin tiyata, ya tara shi a cikin kwalba. Abin da take janyewa ya haɗa da majina da yawu da jini da amai. Ba ta ba da magani, ba ta kuma hura iska. Aikinta shi ne share hanyar da numfashi zai bi, ko share wurin da likita ke son gani da idonsa. Ƙaramin aiki ne a ido, amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 ba tare da iskar oksijin ba, kuma cikin cokali kaɗan na amai ya isa ya toshe maƙogwaron wanda ya suma.

Haɗarin bai tsaya ga toshewa ba. Abin da ya fito daga ciki yana ɗauke da tsami mai ƙona huhu. A shekarar 1946 wani likitan mata na birnin New York, Curtis Mendelson, ya bayyana mata 66 daga cikin haihuwa 44,016 waɗanda abin cikinsu ya koma musu huhu a lokacin da aka ba su maganin sa barci. Tun daga nan ya zama ƙa'ida a ɗakin tiyata cewa ba a sa mutum barci sai na'urar zuƙa tana kusa, a haɗe, an gwada ta. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya a 2018 sun sanya na'urar da tiyoyinta cikin kayan da ba a so a rasa a ko'ina ake wannan aiki, komai ƙanƙantar asibitin.

Abin da ya sa take da nauyi a ƙasar Yawuri

Masarautar Yawuri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Yawuri da Ngaski da Shanga, kuma rayuwar mafi yawan jama'arta tana bin kogin Kwara da tafkin da ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968. Daga tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa, mara lafiya yakan fara tafiyarsa ne a kwale-kwale, sannan babur, kafin ya isa babban asibitin Wara, hedikwatar Ngaski, ko na Yelwa. Idan abin ya fi ƙarfin nan, sai a ɗauki hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, tafiyar sa'o'i. Toshewar numfashi ba ta jiran irin wannan tafiya. Wanda ba a share masa maƙogwaro a wurin farko da aka kai shi ba, da wuya ya kai na biyu.

Cututtukan da suka fi buƙatar na'urar kuwa na yankin ne sosai. Akwai haɗarin jirgin ruwa, wanda mutanen Wara ba za su manta da na ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a ruwan da ke tsakaninsu da Jihar Neja, aka ceto kaɗan daga cikinsu. Akwai manoman shinkafa da albasa masu feshin maganin ƙwari ba kariya. Akwai yaran da zazzaɓin cizon sauro ke jefawa cikin jijjiga da damina, da masu juna biyu da hawan jini ke sa wa jijjiga, da waɗanda suka faɗi a babur jini ya cika musu baki. Kowanne daga cikinsu zai iya shigowa asibiti yana kakari, ruwa na gurguri a maƙogwaronsa.

Sassanta da ire-irenta

Duk na'urar zuƙa, ta zamani ko tsohuwa, hanya ɗaya take bi. Famfo yana janye iska daga cikin kwalba mai rufe ruf, sai ƙarancin iskar da ke ciki ya jawo duk abin da ke bakin tiyo, kamar dai yadda mai shan lemo da tsinke yake yi. Ruwan ya kamata ya tsaya a kwalba, iska kaɗai ta wuce zuwa famfo. Abubuwa biyu ne ke tabbatar da haka. Na farko wani ɗan ƙwallo ne ko toshi mai shawagi a ƙarƙashin murfin kwalbar, wanda ke tasowa ya rufe hanyar famfo idan ruwa ya cika. Na biyu matata ce da ake sawa tsakanin kwalba da inji, wadda ke tare ƙwayoyin cuta da danshi. Sai ma'auni mai allura da ke nuna ƙarfin zuƙa, da maƙunni da ake murzawa don ƙarawa ko ragewa.

A manyan asibitocin koyarwa akan ja bututun zuƙa ta cikin bango daga babban inji guda, a fito da baki a kan kowane gado. A asibitocin ƙananan hukumomi abin da aka fi gani shi ne inji mai tayoyi da kwalba ɗaya ko biyu, kowace tana cin lita ɗaya zuwa biyu ko fiye, mai aiki da wutar lantarki. Akwai ƙarami mai batir da ake ɗauka a hannu ko a motar ɗaukar marasa lafiya. Akwai kuma na takawa da ƙafa da na matsawa da hannu, waɗanda ba sa buƙatar wuta ko kaɗan. Mutane sukan raina na ƙafar saboda kamanninsa, alhali shi ne ke aiki da ƙarfe biyun dare idan an ɗauke wuta kuma mai tayar da janareta ya tafi gida.

Abin da ke shiga jikin mara lafiya iri biyu ne. Akwai bututu mai tauri, mai ɗan lanƙwasa da dunƙulallen kai, wanda ake kira Yankauer da sunan likitan kunne da hanci da maƙogwaro na New York, Sidney Yankauer, da ya ƙirƙiro shi wajen 1907. Shi ne na baki da wurin tiyata, domin bakinsa na da faɗi, yana ɗaukar amai da gudan jini. Akwai kuma siririyar tiyo mai laushi, wadda ke bi ta hanci ko ta cikin bututun numfashi. Akan auna kaurinta da ma'aunin Faransa, wanda maƙerin kayan tiyata na birnin Paris, Charrière, ya kafa a ƙarni na 19: kowace lamba 3 daidai take da milimita ɗaya. Don sauƙin ganewa cikin gaggawa, kan kowace tiyo na da launi: lamba 8 shuɗi, 10 baƙi, 12 fari, 14 kore, 16 ruwan lemo, 18 ja.

Haɗawa da gwadawa

Murfin kwalba na da baki biyu, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ɗaya na mara lafiya ne, inda doguwar tiyo ke shiga. Ɗayan na inji ne, shi ne wanda ɗan ƙwallon ke ƙarƙashinsa, kuma daga shi ne gajeriyar tiyo ke tafiya ta ratsa matata ta shiga famfo. Yawanci an rubuta sunan kowanne a jikin murfin, amma rubutun yakan goge da yawan wanki. Idan aka juya su, kariyar ta tashi a banza: da kwalba ta cika ko ta karkata, ƙazanta za ta wuce kai tsaye cikin injin, ta lalata shi, ta kuma mayar da shi matattarar cuta da ke busa ƙwayoyi cikin ɗaki duk lokacin da aka kunna. Alamar fenti a kan bakin inji tana maganin wannan.

Bayan haɗawa sai gwaji, wanda bai kai minti ɗaya ba. A kunna inji, a murza maƙunni zuwa ƙarshe, a lanƙwashe doguwar tiyo ko a toshe bakinta da yatsa mai safar hannu, a dubi allura. Lafiyayyen inji zai kai aƙalla 300 a ma'aunin da ake rubutawa mmHg cikin 'yan daƙiƙu, kuma allurar za ta tsaya cak. Idan tana hawa a hankali ko ta kasa kaiwa, iska na shiga ta wani wuri. Sai a saki tiyo a tsoma bakinta cikin kofin ruwa mai tsabta a ga yana tafiya da sauri. Wasu ma'aunan da kPa aka rubuta su. kPa ɗaya ya yi daidai da mmHg 7.5, saboda haka 20 a irin wannan ma'auni na nufin 150 a ɗayan. Rashin lura da wannan bambanci ya isa ya sa a ba jariri ƙarfin da ya ninka abin da ya dace sau bakwai.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne, ƙarfin da za a yi aiki da shi ana saita shi ne tiyo tana toshe. Idan aka saita tana buɗe, allura za ta nuna ƙasa da gaskiya, kuma da bakin tiyo ya manne da naman maƙogwaro ƙarfin zai yi tsalle ya wuce abin da aka nufa.

Wannan gwaji na kowane canjin aiki ne, safe da rana da dare, da kuma kafin kowace tiyata da kowace haihuwa. Na'urar ta kasance a gefen kan gado, a jone, kwalba a wanke, Yankauer da tiyoyi masu girma daban-daban a cikin ledarsu a kusa. Inji mai kyau da aka kulle a sito, makulli yana aljihun wanda ya tafi sallar Juma'a, daidai yake da babu.

Ƙarfin zuƙa da tsawon lokaci

Cikakken ƙarfin inji na share baki ne idan amai ko jini ya cika shi, da kuma wurin tiyata. A cikin hanyar numfashi kuwa ana ragewa sosai, domin fatar wurin siririya ce mai saurin zubar da jini. Littattafan jinya sun ɗan bambanta a kan adadi, amma abin da aka fi koyarwa shi ne mmHg 100 zuwa 150 ga babba, 80 zuwa 120 ga yaro, kuma kada a wuce 100 ga jariri sabon haihuwa. Idan majina ta yi kauri ta ƙi tahowa, ƙara ƙarfi ba ya cika amfani. Abin da ke taimakawa shi ne tiyo mai faɗin da ya dace, da kuraye ta da ruwa tsakanin zuƙa da zuƙa, da ba mara lafiya isasshen ruwa a jiki.

Na'urar ba ta bambance majina da iska. Duk daƙiƙar da take aiki a hanyar numfashi, tana kwashe iskar da huhu ke buƙata. Shi ya sa aka iyakance zuƙa ɗaya ga daƙiƙa 10 zuwa 15 a babba, ƙasa da haka a yaro, kimanin 5 a jariri. Tsofaffin ma'aikatan jinya na da wata dabara: mai zuƙa ya riƙe nasa numfashin daga lokacin da ya sa tiyo, idan ya ji ya matsu, to mara lafiya ya fi shi matsuwa. Tsakanin zuƙa da zuƙa a bar shi ya huta ya shaƙi oksijin, kuma kada a wuce sau biyu ko uku a jere sai da dalili. Idan yana kan oksijin, a ƙara masa kafin a fara.

Kaurin tiyo ma na da iyaka. Idan ta cikin bututun numfashi za a bi, kada ta wuce rabin faɗin cikinsa, don iska ta samu wurin wucewa ta gefe. Bututu mai lamba 8, wanda ake yawan sa wa babban namiji, tiyo mai lamba 12 ce tasa.

Yadda ake yi

Wanda ke cikin hayyacinsa a gaya masa abin da za a yi, a zaunar da shi ya ɗan jingina, domin abin ba daɗi, yana sa tari da yunƙurin amai. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefe, fuska ta ɗan kalli ƙasa, don abin da zai zubo ya zubo da kansa. Idan ana zargin karayar wuya, mutum biyu ko uku su juya shi gaba ɗaya, kai da gangar jiki a layi guda. Gutsuren abinci da haƙorin da ya karye da goro ba sa bin tiyo. Waɗanda ake gani a baki ana ɗauke su da yatsa mai safar hannu ko da hantsaki.

Yankauer yana shiga ta gefen baki, ya bi kumatu zuwa inda ido ke gani, ya tsaya nan. Tura shi can cikin maƙoshi a makance yana tayar da amai, wato ya ƙara abin da aka zo ragewa. Siririyar tiyo kuwa ana shigar da ita ne ba tare da zuƙa ba. A kanta akwai ɗan rami. Sai an kai inda ake so sannan a rufe shi da babban yatsa, a riƙa janyowa a hankali. Kafin a bi ta hanci akan auna daga hanci zuwa kunne don sanin iyakar zurfi, a jiƙa tiyon, kuma idan ta ci tura ba a matsa mata. Ba a bi ta hanci sam ga wanda ya bugu a ka har jini ko ruwa garai-garai na fita ta hanci ko kunne, ko idanunsa suka yi baƙin zobe, saboda alamun fashewar ƙasan ƙoƙon kai ne kuma tiyo na iya ɓacewa ta shiga inda bai kamata ba.

Mai zuƙa ido biyu yake da su, ɗaya a kan tiyo ɗaya a kan mara lafiya. Taɓa bayan maƙogwaro yana motsa wata jijiya da ke rage bugun zuciya, musamman a yara. Idan bugun ya faɗi, ko leɓe da harshe suka sauya launi, ko abin auna oksijin na yatsa ya nuna raguwa, a dakata nan take a ba da iska. Tiyon da ta shiga baki ba ta shiga bututun numfashi bayan haka, kuma ta mutum ɗaya ce.

Akwai wuraren da ba a jona wannan inji kai tsaye. Bututun da ake sawa a ƙirji don fitar da iska ko jini yana buƙatar zuƙa mai rauni ƙwarai ta na'urar daidaitawa ta musamman, in ma ana buƙata. Cikakken ƙarfi na iya yaga huhu. Haka nan zuƙar wurin saran maciji, da baki ko da inji, ba ta fitar da dafi. Maganin saran kububuwa allurar kashe dafi ce, kuma lokacin da aka ɓata wajen tsotsa na tafiya asibiti ne.

Jariri sabon haihuwa

A nan ne aka fi wuce gona da iri. An daɗe ana ganin cewa duk jaririn da aka haifa sai an zuƙe masa baki da hanci, har wasu iyaye na ɗaukar rashin yin haka a matsayin sakaci. Ƙa'idojin farfaɗo da jarirai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 sun ce jaririn da ya fito cikin ruwa mai tsabta kuma ya fara numfashi da kansa ba a zuƙe shi. A goge shi da tsumma mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a rufe. Zuƙa marar dalili na iya rage masa bugun zuciya ta jinkirta numfashinsa.

Wanda bai yi kuka ba bayan an goge shi an shafa bayansa, abin da yake buƙata shi ne a hura masa iska da jaka da abin rufe fuska cikin mintin farko. Shirin koyar da ungozomomi da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙaddamar a 2010, wanda ya yaɗu har Najeriya, a kan wannan minti ɗaya aka gina shi. Zuƙa tana shigowa ne idan an ga abin da ya toshe baki ko hanci, ko ƙirji ya ƙi tashi da aka hura iska. A fara da baki sannan hanci, domin taɓa hanci na sa jariri ya ja numfashi ya shaƙe abin da ke bakinsa. Ba a zurfafawa. Ƙaramar robar matsawa da hannu ta isa, amma a zaɓi irin wadda ake buɗewa a wanke cikinta a tafasa. Rufaffiyar roba da ba a ganin cikinta ta jariri ɗaya ce. Tsohuwar hanyar da ungozoma ke tsotsa da bakinta ta wata 'yar kwalba tana jefa ita kanta cikin haɗarin ɗaukar cuta.

Wanda aka ciro daga ruwa da wanda maganin ƙwari ya kama

Jama'ar bakin ruwa, har da wasu ma'aikata, sun yi imani cewa aikin farko ga wanda ya nutse shi ne fitar da ruwan da ya sha, ko da danna ciki ko da kifa shi. Ruwan da ke shiga huhu yawanci kaɗan ne, kuma jini yana shanye shi da sauri. Babu tiyon da za ta kai gare shi. Abin da ke kashe mutum rashin iska ne, don haka hura masa numfashi da danna ƙirji su ne gaba. Danna ciki amai kawai yake jawowa. Amfanin na'urar zuƙa a nan shi ne kwashe aman, wanda ke zuwa wa mafi yawan waɗanda ake farfaɗowa. Kumfar da ke fitowa daga baki da hanci kuwa daga can cikin huhu take, ana zuƙewa tana dawowa, kuma wanda ya tsaya bin ta zai bar hura iska. Duk wanda aka farfaɗo da shi a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana magana, domin huhu na iya cika da ruwa bayan 'yan sa'o'i.

Gubar maganin feshi irin su Sniper da ota-fiya-fiya da danginsu tana sa jiki ya yi ta zubar da ruwa: yawu, hawaye, gumi, da majina mai cika huhu, ƙwayar ido ta tsuke. Irin wannan mara lafiya yana iya buƙatar zuƙa sau da yawa cikin sa'a ɗaya, kwalba tana cika ana juyewa. Sai dai zuƙa sayen lokaci ce kawai. Allurar atirofin ce ke busar da ruwan, kuma ana ƙara ta har sai ƙirji ya washe. A cire masa tufafin da maganin ya jiƙa a wanke fatarsa, ma'aikata su sa safar hannu. Ɗura masa manja ko madara a gida don ya yi amai yana ƙara yiwuwar abin ya koma huhu.

Mai jijjiga, yaro ne ko mai ciki, ba a cusa masa cokali ko Yankauer tsakanin haƙora yayin da muƙamuƙi ke a datse. A juya shi gefe, a jira jijjigar ta lafa, sannan a share bakin.

Wanki da kariya daga cuta

Abin da ke cikin kwalba ana ɗaukarsa a matsayin mai cuta, ko na wane ne. Zuƙa tana tayar da tari da feshin da ido ba ya gani, kuma ta nan tarin fuka da korona ke kama ma'aikaci. Jini da amai kuwa hanyar zazzaɓin Lassa ce da ciwon hanta. Safar hannu da takunkumi da abin kare ido da rigar leda duk suna cikin aikin.

Ana juye kwalba idan ta kai kashi biyu cikin uku, da kuma bayan kowane mara lafiya, a wurin zubar da ƙazanta na asibiti ko masai, a hankali don kada ta fantsamu. Ba a zubarwa a kwata ko bayan ɗaki, balle a garuruwan da kwatarsu ke gangarawa kogi inda ake wanka da kamun kifi. A wanke kwalba da murfi da ɗan ƙwallon da ruwa da sabulu tukuna, domin maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsa busasshen jini da majina. Sannan a jiƙa su minti 10 a ruwan kilorin mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Da Jik mai ƙarfin kashi 3.5, ana haɗa mudu ɗaya da mudu shida na ruwa, kuma sabo ake haɗawa kullum. A ɗauraye, a bari su bushe kafin a mayar. Kilorin na cin ƙarfe, don haka Yankauer na ƙarfe tafasawa ake yi ko a sa a tukunyar tururi. Matata ba a wanke ta. Idan ta jiƙe ko ta sauya launi sai sabuwa.

Lantarki, lalacewa da sayayya

Madatsar Kainji na cikin manyan tashoshin wutar ƙasar nan, amma zama kusa da ita bai keɓe kowa daga ɗaukewar wuta da ake fama da ita a ko'ina ba. Duk ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata da ke dogara da inji mai lantarki yana buƙatar na ƙafa ko na hannu a gefe, a gwada shi tare da babban. Mai batir ya zauna a caji koyaushe. Batirin da aka bari ya mutu watanni ba ya dawowa. Inda aka sa sola, a tabbata soket ɗin na'urar na kan layin solar. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120, kuma injin da aka kawo kyauta daga can yana ƙonewa a jonawar farko idan ba a sa masa abin rage wuta ba.

Yawancin injinan da ake turawa lungu da sunan sun mutu, motarsu lafiya take. Idan inji na ƙara amma ba ya ja, a fara duba murfi ko ya zauna daidai, da robar bakinsa ko ta tsage, da kwalba ko ta yi tsaga, da tiyo ko ta huje ko ta saki. Idan allura ta haura sama amma babu abin da ke tahowa, toshewa ce: tiyo ta lanƙwashe, ko gudan jini ya tsaya, ko ɗan ƙwallon ya maƙale a sama, ko matata ta jiƙe. Idan bai tashi ba gaba ɗaya, soket da waya da fis ne abin dubawa kafin a kira mai gyara.

Wannan ya shafi masu saye kai tsaye, ko jami'in sayayya ne a ma'aikata, ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ke son yi wa asibitin garinsu alheri. Inji shi kaɗai rabin kyauta ne. A haɗa da kwalbar ajiya da robar murfi, da matata masu yawa, da doguwar tiyo, da Yankauer, da siraran tiyoyi tun daga na jarirai har na manya. A tambayi mai sayarwa ko ana samun matatar wannan samfuri a Kano ko Sakkwato ko Kaduna, domin kowane kamfani da irin tasa, kuma injin da matatarsa sai daga waje za a ƙare ana aiki da shi babu ita. Kwalbar roba mai tauri da ke jure tafasa ta fi ta gilashi daɗewa. A nemi rajistar hukumar NAFDAC, wadda kayan asibiti ke ƙarƙashin kulawarta, a kuma sa a gwada injin a gaban ma'aikatan da za su yi aiki da shi kafin a sa hannu a takardar karɓa.

Ga ƙananan asibitocin mazaɓu, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani ɓangare nasa yana zuwa kai tsaye ga asibitocin da aka zaɓa don magunguna da kayan aiki da gyare-gyare. Kwamitin ci gaban mazaɓa na da hannu a tsara yadda ake kashe shi. Ɗan kwamitin da ya kai ziyara zai iya neman a kunna na'urar a gabansa, a toshe tiyo ya ga inda allura ta tsaya, sannan ya tambayi tiyo nawa masu lamba 8 suka rage a ɗakin haihuwa.